Yadda Za Ku Gano Baiwar 'Ya'yanku, Ku Rene Ta Tare da Bangaskiyarsu

Na daɗe ina koyar da yara a makarantar Lahadi, wadda muka fi sani da Sande Sukul, kuma akwai ƙarar da iyaye ba sa gajiya da kawo mini bayan an tashi daga sujada. Uwa za ta riƙo hannun ɗanta ta ce, "Malam, don Allah ka yi masa faɗa, duk ya lotsa mini kwanuka da kiɗa." Uba kuma ya ce 'yarsa ta cika tambaya, ko autansa ya kwance rediyon gidan ya baje kayan cikinta a kan tabarma. Nakan saurare su da kyau, don kwano da kuɗi aka saye shi, rediyo ma haka. Amma sau da yawa abin da ake kawo ƙara a kansa shi ne ainihin baiwar da Allah ya ajiye a cikin yaron, ta leƙo ne ta ƙofar da ta samu a buɗe.

Na rubuta wannan jagora ina tunanin gidajenmu na Arewa, gidan malamin makaranta a Kafanchan, gidan manomi a Biliri, gidan ɗan kasuwa a Sabon Garin Kano, inda kuɗi ke da wuya, yara ke da yawa, ikilisiya kuma ita ce cibiyar rayuwa. Abin da nake so in isar guda ne. Baiwa da bangaskiya daga hannu ɗaya suka fito, don haka a gona ɗaya ya kamata a shuka su. Gidan da ya ware sha'anin Allah ga ranar Lahadi, ya bar abin da yaro ke ƙauna ga sauran kwana shida, yakan wayi gari yaron ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya.

Mataki na farko: ku fara da zuciyarku, kafin ku taɓa yaron

Zabura 127 ta kira 'ya'ya gādo daga wurin Ubangiji. Ke nan amana aka ba mu, kuma mai amana ba ya sāke wa kayan amana fasali yadda ya ga dama. Ku zauna, miji da mata, bayan yara sun kwanta, kowa ya faɗi gaskiyar abin da yake so kowane yaro ya zama. Sai ku tambayi kanku daga ina wannan burin ya fito. Za ku yi mamakin yadda yawancinsa tsohon ciwo ne. Baba ya so karanta likitanci bai samu ba. Mama tana so a riƙa ce mata uwar lauya a taron Zumuntar Mata. Wani kuma ya yi wa Allah alkawarin ɗansa zai zama fasto tun yaron bai iya magana ba.

Bahaushe ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma ta fuskar hali nagari gaskiya ne. Ta fuskar baiwa kuwa, Allah ba ya bin layin gādo. Ku buɗe Fitowa sura 31 ku karanta labarin Bezalel. Allah ya ce ya cika shi da Ruhunsa, da hikima da gwaninta, domin ya yi aikin zinariya da azurfa da tagulla, ya sassaƙa duwatsu da itace don alfarwar sujada. Maƙeri ne kuma masassaƙi, amma Nassi ya danganta gwanintarsa ga Ruhun Allah kai tsaye. A Ayyukan Manzanni sura 9, da Tabita ta rasu a Yafa, gwauraye riguna da tufafin da ta ɗinka suka riƙa nuna wa Bitrus suna kuka. Ni a ganina mun yi wa yaranmu rashin adalci a nan. Mun jera ayyuka bisa daraja, likita a sama, injiniya da lauya na biye, tela da kafinta can ƙasa, sannan muka lulluɓe wannan jeri da addu'a kamar daga sama ya sauko.

Ayar da kowa ya haddace a Karin Magana 22:6, wadda ke cewa a koya wa yaro hanyar da zai bi, a Ibrananci kalmominta a zahiri suna cewa "bisa ga hanyarsa". Masana sun sha bamban a kan yadda za a fahimce ta, kuma ban ce ayar tana maganar sana'a ba. Amma ta isa ta tuna mana cewa tarbiyya tana farawa da sanin wane ne wannan yaron da ke gabanka.

Mataki na biyu: ku sa ido na wata uku, kuna rubutawa

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci, shi ne kuma wanda iyaye suka fi tsallakewa. Ku sayi ƙaramin littafin rubutu, ku ware wa kowane yaro shafuka. Na tsawon wata uku, kada ku gyara komai, kada ku sayi komai. Ku lura kawai, ku rubuta layi ɗaya ko biyu a mako.

Ga irin abin da za ku lura da shi. Me yaron yake yi idan ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ke kallonsa? A kan me yake daɗewa har a kira shi cin abinci sau uku bai ji ba? Me ya koya da sauri fiye da sa'o'insa, ba tare da an zaunar da shi ba? Idan yara suka taru a tsakar gida, wane matsayi yake ɗauka: shi ke raba musu aiki, shi ke sasanta masu faɗa, shi ke ba da labari, ko shi ke ƙera motar langa-langa? Sai kuma tambayar da na fi ba wa nauyi: idan abu ya ƙi masa, wanne ne yake komawa kansa gobe? Sha'awa takan zo ta wuce kamar hadarin kaka. Yaro ya ga wani yana kaɗa jita a coci, ya kwana yana roƙo, bayan sati biyu ya manta. Baiwa kuwa takan jure wa wahala. Yarinyar da ta warware ɗinkin 'yartsanarta sau biyar tana sākewa har ya zauna daidai, ta gaya muku wani abu.

Kada ku tsaya ga baiwar da ke da ƙara. Mai murya da mai ƙwallo kowa na ganinsu. Akwai yaron da idan Kaka ba ta da lafiya shi ne ba ya barin bakin gadonta. Akwai wanda in aka aike shi kasuwa canjinsa ba ya taɓa ɓata, har yakan gaya muku inda aka fi araha. Akwai wadda kaji da awaki ke bunƙasa a hannunta. Manzo Bulus a Romawa sura 12 ya jera hidima, da ƙarfafa zuciya, da bayarwa, da shugabanci, da jinƙai tare da annabci da koyarwa. Tausayi baiwa ne, riƙon amana baiwa ne, kuma yaran da ke da su ne aka fi mantawa da su a gida domin ba sa damun kowa.

Ku tambayi wasu ma. Malamin ajinsa, malamar Sande Sukul, kakarsa, har yayyensa. Ku ce musu, "Me kuka ga yaron nan ya fi iyawa?" Kada ku tambayi matsayinsa a jarrabawa kawai. Yesse yana da 'ya'ya takwas, da annabi Sama'ila ya zo ya jera masa bakwai, bai ma kira Dawuda daga wurin kiwo ba sai da aka tambaye shi ko akwai saura. Uba na iya zama gida ɗaya da ɗansa shekara goma sha biyar bai gan shi ba.

Game da shekaru: ƙasa da shekara shida, ku bar yaro ya yi wasa iri-iri, kada ku yanke hukunci. Daga bakwai zuwa goma sha biyu alamu sukan fara fitowa fili. Daga nan zuwa sama ne ake fara zurfafawa a abu ɗaya ko biyu. Wasu yaran kuma sukan makara, kada ku ɗauka wanda bai nuna komai ba a aji huɗu na firamare ba shi da rabo.

Mataki na uku: ku ba shi abin gwaji daidai ƙarfinku

Bayan wata ukun, ku zaɓi abu ɗaya ga kowane yaro, ku ba shi kayan aiki mafi sauƙi. Mai kiɗa a ba shi tsohon bokiti da sanduna, a yanka masa lokaci, a ce daga la'asar zuwa magariba, kwanukan Mama kuma su huta. Mai zane a saya masa fensir da littafin zane nasa na kansa. Mai kwance-kwance a nemo masa matacciyar rediyo ko tocila daga wurin mai gyara, a gaya masa sarai cewa duk abin da ke haɗe da wutar lantarki ba ya taɓa shi. Mai son kiwo a ba ta kaza ɗaya, a ce tata ce, ribarta da asararta. Mai son girki a bar mata miyar ranar Asabar, namiji ne ko mace.

Ku yi yarjejeniya da shi ta zangon karatu ɗaya. Ku ce, "Za mu gwada wannan har hutu. In ka fara ba ajiyewa a tsakiya. In hutu ya zo za mu zauna mu duba." Wannan yana koya masa cika alkawari, ku kuma yana hana ku zuba kuɗi a kan abin da iska ce ta kawo shi. Kada ku ci bashi ku sayi kibod don yaro ya yi kuka sau ɗaya. Ya fara koyo a kan na coci tukuna.

Wayar hannu tana da amfani a nan, don akwai darussan kiɗa, da zane, da ɗinki, da lissafi kyauta a YouTube. Amma ku ne za ku zaɓo darasin ku sauke shi, a kalla a falo inda kowa ke wucewa, wayar kuma ta kwana a ɗakinku.

Mataki na huɗu: ku shigo da baiwar cikin sujadar iyali

A nan ne igiyoyin biyu, baiwa da bangaskiya, ke haɗuwa. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora koyar da maganar Allah a kan iyaye, a zaune a gida, da tafiya a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Sande Sukul awa ɗaya ce ko biyu a mako, mu malamai taimako kawai muke yi. Timoti ma Bulus ya shaida cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki.

Idan ba ku saba sujadar iyali ba, ku fara da minti goma sha biyar, a lokaci ɗaya kullum. Gidaje da yawa sun fi samun sauƙi bayan tuwon dare, wasu kuma da asuba kafin a watse. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, gajeren karatu, tambaya ɗaya, sai addu'a. Ku bi littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, Markus ko Luka sun dace da yara don labarai ne, maimakon tsalle daga aya zuwa aya. Abin da ke kashe sujadar iyali a gidajenmu shi ne tsawo, da kuma mayar da ita kotu. Idan duk dare Baba zai yi wa'azin minti arba'in, yana saƙa laifofin da aka yi da rana a cikin addu'a, yara za su haɗa sunan Allah da faɗa a zuciyarsu. Laifi a yi maganarsa a wani lokaci dabam.

Sai ku raba aiki bisa ga abin da kuka rubuta a littafinku. Mai murya ta ɗauko waƙa. Mai kiɗa ya raka ta da bokitinsa, a hankali. Mai karatu da kyau ya karanta nassin. Mai zane ya zana labarin, gobe ya nuna, a manna a bango. Mai surutu ya sāke ba da labarin da bakinsa, ko ya shirya ƙannensa su yi wasan kwaikwayon Basamariye mai kirki ranar Asabar. Mai tausayi ita ce za ta riƙe sunayen marasa lafiya da za a yi wa addu'a, ta kuma tuna muku a je gaishe su. Mai lissafi ya riƙe asusun baikon iyali. Yaron da ya ga abin da hannunsa ya iya yana da wuri a gaban Allah tun yana shekara takwas, da wuya wani ya zo daga baya ya ruɗe shi cewa sai ya bar Allah kafin ya ci gaba.

Wata shawara game da harshe. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, kakanninmu da yawa da shi suka koyi karatu. Yau yara da dama Turanci kawai suke iya karantawa, shi ma rabi da rabi. Ku karanta da harshen da yaron ke mafarki da shi. In kuna da Sabon Alkawari a yarenku, ku riƙa haɗawa, ko da aya ɗaya ce, don addu'ar da Kaka ke yi kada ta zama baƙon abu a kunnen jikokinta.

Ku kuma bar ƙofar tambaya a buɗe. Yaro zai tambaye ku me ya sa Allah ya bar aka ƙone cocin garin su Kaka, ko me ya sa abokinsa na makaranta ke salla dabam da mu. Kada ku ce masa "rufe mini baki". In kun san amsa ku ba shi daidai shekarunsa, cikin gaskiya da girmama maƙwabta. In ba ku sani ba, ku ce, "Bari mu tambayi Baba Fasto ranar Lahadi," ku kuma cika. Yesu yana shekara goma sha biyu aka same shi a Haikali a tsakiyar malamai, yana saurarensu yana yi musu tambayoyi.

Mataki na biyar: ku nemo masa malami, ku kuma san wane ne

Akwai inda iyawarku za ta tsaya. Abin farin ciki, ikilisiyoyinmu, ko ECWA ce, ko COCIN, ko EYN, ko HEKAN, ko Angilika, ko Baptis, ko Katolika, cike suke da makarantu da ba mu ɗauke su makarantu ba. Ƙungiyar mawaƙa tana koyar da murya da jin sauti. Boys' Brigade da Girls' Brigade suna koyar da horo, da fareti, da busa ƙaho, da shugabanci. 'Yan Sabon Rai suna koyar da waƙa da tsayawa gaban jama'a. A wurin iyayenmu na Zumunta yarinya za ta koyi kiɗan tulu, da saƙa, da yin sabulu. Wannan tsari tsoho ne: 1 Tarihi sura 25 ta ƙidaya horarrun mawaƙa 288 a zamanin Dawuda, 'ya'ya suna koyo a ƙarƙashin iyayensu, malami da almajiri tare.

In sana'ar hannu ce, ku je da kanku wurin maigidan shagon. Ku yi magana a fili a kan ranaku da awoyi, cewa makaranta ba za ta tsaya ba, Lahadi ta sujada ce, kuma koyo aka kawo shi, kada ya ƙare a aiken sayo abinci. Sau da yawa telan da ya fi kowa a unguwa ko mai gyaran wayar da ya fi ƙwarewa Musulmi ne. In mutumin kirki ne mai amana, ku kai yaronku ba tare da fargaba ba. Zai koyi sana'a, ya kuma koyi zaman mutunci da maƙwabci.

Ga gargaɗin da ba zan sassauta ba. Kasancewar mutum a coci, ko riƙe muƙami a cikinta, bai isa ya sa ku miƙa masa yaro ku juya baya ba. Darasi a yi shi a fili inda ake gani, da ƙofa a buɗe, ko yara biyu uku tare. Kwanan rihazal ko zuwa sansani, ku san manyan da za su kwana da su, mata da 'yan mata, maza da samari. Ku koya wa yaro tun yana ƙarami cewa babu babban da ke da izinin taɓa tsiraicinsa ko ya ce masa "kada ka gaya wa Mama". Idan yaron da ke ɗokin zuwa darasi ya fara ƙin zuwa ba dalili, ku zaunar da shi a hankali ku tambaya, in ya faɗa kuma ku gaskata shi, ku ɗauki mataki. Rufa asirin mai laifi don kare sunan ikilisiya zunubi ne a kan yaron.

Mataki na shida: ku iya bakinku

Ishaku ya fi ƙaunar Isuwa saboda naman farauta, Rifkatu kuma ta fi ƙaunar Yakubu. Kowa ya san yadda gidan ya ƙare, ɗan'uwa yana neman ran ɗan'uwansa, ɗaya ya yi gudun hijira shekara ashirin. Abin lura shi ne baiwar Isuwa tana kawo wa uban abin da yake so. Mu ma haka muke, yaron da baiwarsa ke jawo mana tafi a coci ko lambar yabo a makaranta shi ne ɗan gaban goshi. Kalmar nan "dubi yayanka" ta raba 'yan'uwa da yawa har tsufa. A misalin da Yesu ya bayar a Matiyu sura 25, maigida ya ba wani talanti biyar, wani biyu, wani ɗaya, kowa gwargwadon ƙarfinsa, kuma mai biyar da mai biyu yabo iri ɗaya suka samu.

In za ku yaba, ku yabi abin da yaron ya yi, ku faɗi takamaimai: "Na ga ka sāke wannan zanen sau uku har hannun ya fito daidai." Yabon da ke cewa "kai gwani ne, babu kamarka" yakan haifi girman kai, ya kuma sa yaro tsoron gwada abin da zai iya faɗuwa a kansa. In za ku gyara, ku yi a keɓe. Kolosiyawa 3:21 ta gargaɗi ubanni kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Kuma kada ku riƙa hukunta yaro da ƙwace baiwarsa a kan kowane ƙaramin laifi. In ya ƙi wanke-wanke, hukuncin ya shafi wanke-wanke.

Baiwa kuma ba ta ɗauke wa kowa aikin gida. Mai waƙa zai yi shara, mai ƙwallo zai ɗebo ruwa. Ranar da ya fara samun kuɗi da hannunsa, ko na ƙwan kazarsa ne, ku zauna da shi ku raba: zakka, ajiya, jari, sai na kashewa. Ku kuma nemo masa wanda zai yi wa aikin kyauta lokaci-lokaci, ya gyara wa gwauruwa tocila, ta ɗinke wa maraya rigar makaranta.

Mataki na bakwai: ranar zaɓe a makaranta

Ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare ne wuri na farko da hanya ke rabuwa, kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci, ko kwalejin fasaha. Ku ɗauko littafinku na shekaru, da sakamakon yaron, ku zauna da shi da malaminsa. Na ga yaran da aka tura ajin kimiyya da ƙarfi suka rubuta WAEC da JAMB sau uku suna faɗuwa, alhali da an bar su a inda suka iya da tuni sun gama. Kwalejin fasaha da jarrabawar NABTEB hanya ce mai mutunci, kuma tana kaiwa har babbar makaranta. Duk inda ya nufa, ku tsaya masa a kan Turanci da lissafi, don yawancin fannonin jami'a sai da kiredit biyar har da su biyun ake shiga, mai shago ma yana bukatarsu.

Kada kuma ku yanke wa yaro ƙauna saboda nakasa ko talauci. Dakta Bitrus Gani-Ikilama ya makance tun yana yaro, ya yi karatu a makarantar makafi ta Gindiri, ya zama ƙwararren mai gashin ƙashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya taso a makarantar mishan ta Wusasa, likitan yara ne, ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje, daga baya kuma ya yi hidimar fasto. Ku riƙa ba yaranku irin waɗannan labarai na mutanen ƙasarmu.

Mataki na takwas: idan ya fara ja da baya

Wajen shekara goma sha biyar zuwa sama, abubuwa biyu sukan faru. Na farko, baiwar ta fara jan yaron waje. Wasan ƙwallo ya faɗo safiyar Lahadi. Mai kibod ya fara samun gayyata daga coci zuwa coci ana biyansa, yana kiɗa a sujada uku amma bai zauna ya ji wa'azi ko ɗaya ba. Kada ku jira sai abin ya faru. Ku kafa ƙa'ida tun da wuri tare da shi: yana da ikilisiya ɗaya da ta san shi, da fasto ko dattijon da zai iya tsawata masa, kuma in ya sauka daga kan kayan kiɗa zai zauna a benci kamar kowa. In wasa ya ci karo da sujadar safe, a nemi ta yamma ko ta farko, a tafi tare.

Na biyu, ya fara shakka. Zai ce bai ga amfanin zuwa coci ba, ko ya kawo muku maganar da ya gani a intanet. Zuciyar iyaye takan tsinke a nan, sai a koma barazana da kuka. Ku tuna Toma ya yi mako guda yana shakka a tsakiyar almajirai, ba su kore shi ba, Yesu kuma ya zo ya nuna masa hannuwansa. Ku riƙe dokar gida, wato muddin yana ƙarƙashinku za a je sujada tare, amma kada ku tilasta masa shiga ajin baftisma ko na tabbatarwa don sa'o'insa sun shiga. Ku nemo masa wani babba da yake girmamawa, kawu ko shugaban matasa, mafi kyau wanda ya yi nisa a irin baiwarsa, don akwai maganar da saurayi ba zai iya yi da ubansa ba. In kun yi masa kuskure, ku ce, "Ɗana, na yi maka ba daidai ba, ka yafe mini." Yaron da ya taɓa jin wannan daga bakin Baba ya ga tuba da idonsa.

Idan zai tafi makarantar kwana ko jami'a, ku haɗa shi da zumuntar ɗalibai tun makon farko, FCS a sakandare, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ko NIFES a manyan makarantu, ko ƙungiyar ɗaliban ɗarikarku. Ku sa masa Littafi Mai Tsarki a jaka tare da kayan baiwarsa, fensiran zanen ko almakashin ɗinkin. Ku tsayar da rana ɗaya a mako ta kiran waya, in kun gama tambayar kuɗin abinci da jarrabawa, ku tambaye shi me hannunsa ya yi a wannan makon, da kuma abin da yake so ku sa masa a addu'a. Ranar da zai tafi, ku miƙa masa littafin nan da kuka fara rubutawa tun yana ƙarami, ya karanta a mota.